Ta Hannun Hagu Yake Fara Mata

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yarta ta fari. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yabonta, in an ce yarinyar ta faɗi ta fasa baki ba ta tashi da gudu. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma na iya ta fiye da yadda na iya tuƙin tuwo. Malamar firamare ce ni a wancan lokacin, zamanin soja. Kullum da safe ina tsaye gaban allo ina kiran sunayen 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, da murya kamar ta mai tallan kifi, amma tawa in zan yi maganarta sai in ce “yarinyar nan”, ko “'yar Inna”.

Inna ita ce surukata, mahaifiyar maigidana. Ranar da aka yaye yarinyar ta zo ta saɓe ta a kafaɗa ta kai ɗakinta. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban sa ran za a tambaye ni ba. Gida ɗaya muke, a wani ƙauye kusa da Bagauda inda aka zaunar da su bayan ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu na asali. Ɗakina yana kallon nata, tsakar gida ce kawai tsakaninmu, sai turmi da igiyar shanya. Doguwa ce busasshiya, mai faɗan tsiya, ta haifi tara ta binne shida, kuma kaburburan duk suna can ƙarƙashin ruwa. Ba muguwa ba ce. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada wani ya gyara zama ya ce za a ba shi labarin muguwar suruka. Ta so yarinyar nan irin son da ni aka hana ni nunawa.

Yarinyar tana shekara uku wani zazzaɓi mai zafi ya kama ta da damina. Ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba, da ta tashi muka ce Allah ya tsallakar da mu. Tana shekara shida ta fara faɗuwa. Farfaɗiya ce, amma a gidanmu ba a kama sunan. “Abin nata” ake cewa.

Inna tana da wani baƙin zane na saƙi da ta ware domin wannan, kullum yana rataye a bakin ƙofarta. Da ta ji ƙarar faɗuwa sai ta fizgo shi ta fito, ta lulluɓe yarinyar tun daga kai har ƙafa, ta zauna ta danne gefen zanen, ta kau da fuska tana karanta abin da ta iya. Dalilinta biyu ne. Na farko, kowa a garin ya yarda ana ɗaukar ciwon ta kumfar baki, har wasu na cewa kallon ma ba shi da kyau. Na biyu, 'ya mace ce, kada a gan ta cikin wannan hali maganar ta bi ta har girma. In abin ya lafa sai ta zuba toka a wurin ta share. Saboda haka duk gidan babu wanda zai ce maka ga yadda ciwon yake. Zane suke gani yana karkarwa a ƙasa.

Magani kuwa babu irin wanda ba a yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi har kajin gidan suka koma kwana maƙwabta. Wata Bafulatana daga wajen Ba'awa da ke kawo mana nono ta kawo saiwa mai ɗacin da ni babba na lasa na kwana ina tofar da yawu. Maigidana manomin rani ne, tumatir da alkama, mutum mai sanyin hali, wanda in Inna ta ce fari baƙi ne zai ce shi ma dama ya ga alama. Na taɓa yi masa maganar asibiti a ɗaki, ya ce in bari Inna ta gama nata tukuna.

Makarantar da nake koyarwa aka sa ta, ajinta yana jikin nawa. Ta faɗi sau biyu a filin taron safe, sai iyayen yara suka fara aiko wa hedimasta da saƙo. Ya kira ni ofis yana ta kewaye-kewaye, yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Na gane inda ya dosa. Na ce masa ba ni ce zai gaya wa ba, ya aika wa kakarta. Ya ji daɗin amsar, har ya yaba mini hankali. Na koma gida na kasa cin abinci don haushi, kuma haushin kaina ya fi yawa. Yarinyar ta riga ta iya haɗa baƙi, ta fi rabin 'yan ajinta kai.

Bayan ta dawo zaman gida ne na san ciwon. Ƙofar ɗakina tana da asabari, irin wanda na ciki yake ganin waje, na waje ba ya ganinsa. In na taso daga makaranta, da ranakun hutu, nan nake zama da littattafan yara a cinya kamar mai duba aiki. Ita nake kallo.

Ba faɗuwa take fara yi ba. Tana cikin 'yar carafke ko tsince shinkafa sai ta tsaya cak. Sai babban yatsan hannunta na hagu ya fara motsi shi kaɗai, kamar mai jan carbi. Daga nan ya hau sauran yatsun, hannun ya ɗaga, gefen bakinta na hagu ya ja, kanta ya juya hagu kamar wani ya kira ta daga can. A wannan ɗan tsakanin tana ji tana gani. Sau da yawa takan kama hannun da na dama ta danne shi a cinyarta, idonta yana kan ƙofata. Nakan ƙirga a raina, wani lokaci ashirin, wani lokaci har talatin, sannan ta kife. Sai Inna ta ji ƙara ta fito da zane. In ta farfaɗo ba ta tuna komai, har maganar hannun. In babu kowa a gidan nakan fita in tare ta in kwantar da ita kafin ta kai ƙasa, amma Inna ba mai yawo ba ce, ranakun da hakan ya samu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk ina zaune ina ƙirge.

Sai da ta faɗi kusa da murhu ta ƙone a ƙafa sannan aka yarda da asibiti. Babban asibitin birni aka kai ta, Inna da maigidana, ni ina gida kamar yadda ya dace. An ba ta wata farar ƙwaya ƙarama, ba ta tsayar ba. Aka ƙara wata, aka sake ƙara wata wadda ta kumbura mata dasashi ta sa ta gyangyaɗi da rana tsaka. An fi shekara biyu ana wannan zirga-zirga, likitan bai taɓa ganin fuskata ba.

Tana shekara tara maigidana ya dawo daga asibiti da saƙo. Wani babban likitan ƙwaƙwalwa, ɗan ƙasar nan mai aiki a ƙasar waje, zai zo na 'yan kwanaki ya duba yaran da magani ya ƙi yi musu aiki. Akwai wata ƙungiyar agaji da za ta ɗauki kaɗan daga cikinsu zuwa can inda yake, a yi musu wani gwaji da babu shi a nan, in ya dace a yi musu aiki. An ce uwa da uba duk su zo, don in an zaɓe ta sai kowa ya sa hannu. Da ba don sa hannun nan ba da ba a je da ni ba.

An ce a tsefe mata kai a wanke, kada a shafa komai. Inna ta tsefe ta wanke, sannan ta lafta mata man shanu, ta ce ba za ta shiga birni da jikarta kai a bushe kamar marainiya ba. A asibiti wata nas ta yi ta mita, ta ja yarinyar bakin famfo ta wanke kan da sabulu har sau uku. Aka shigar da ita wani ɗaki aka manna mata wayoyi a fatar kai, wata na'ura tana ta zane-zane a doguwar takarda. An yi kusan rabin awa. Ciwon da ke zuwa ba sallama, ranar da aka neme shi ya ƙi zuwa.

Daga nan aka kai mu wurin baƙon likitan. Mutumin kudu ne, gajere mai furfura, ba ya jin Hausa. Likitanmu na kullum, wani saurayi Bakano siriri mai gilashi, shi yake yi masa tafinta. Ni kuwa duk abin da baƙon ya faɗa ina ji tun kafin a fassara, amma babu wanda ya sani a cikin su biyun, don ban buɗe baki ba tun da na gaishe su.

Baƙon ya duba yarinyar, ya sa ta matse masa yatsu, ya sa ta tafiya a kan layi. Ya tambaye ta abin da take ji in ciwon zai zo. Ta ɓoye fuska a jikin Inna, da ƙyar ta ce ita dai takan farka ta ga duhu. Ya sa nas ta fita da ita, sannan ya jawo takarda ya zana mana kai.

Ya ce wayoyin da aka manna mata ɗazu kamar mutum ne ya kara kunne a bangon gida yana son ya san a wane ɗaki ake magana. In ana son sani na haƙiƙa sai an shiga. A can inda yake, suna yanka ƙoƙon kai su ɗaga, su shimfiɗa wata 'yar siririyar roba mai ɗige-ɗigen ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar kanta, su mayar su rufe, wayoyi su fito ta baya a naɗe kan da bandeji. Yaro zai kwanta mako guda ko fiye, a rage masa magani da gangan don ciwon ya zo, ana ɗaukar hotonsa ba dare ba rana. In ya zo sau uku ko huɗu, na'ura za ta nuna daidai ɗigon da ya fara tashi. In wurin zai ciru ba tare da an taɓa magana ko tafiya ba, sai a cire shi. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce jini na iya zuba, ƙwayar cuta na iya shiga, ana iya buɗewa a sha duk wahalar nan kuma a tarar wurin ba na taɓawa ba ne. Amma ya ce ya ga yaran da aka yi wa suka koma makaranta.

Maigidana ya cire hula ya share gumi. Ya ce wa likitanmu, “Wato a buɗe kanta, a hana ta magani, a zauna ana jiran ta faɗi?” Aka ce masa haka ne. Inna ta ɗaure fuska tamau tana kallon zanen kan da ke takarda.

Sai baƙon ya zo kan abin da ya tara mu. Ya ce ba kowace farfaɗiya ce ta wannan aikin ba. Akwai wadda ke kama ƙwaƙwalwa gaba ɗaya lokaci guda, wannan babu abin da wuƙa za ta yi mata. Akwai kuma wadda ke tashi daga wuri ɗaya sannan ta bazu, ita yake nema. Robar nan ba ta kai tafin hannu ba, ba za ta rufe kai duka ba, kuma shi ba zai buɗe kan yarinya ya yi lalube ba. Takardar na'ura ba ta nuna masa gefe ba. Saura abu ɗaya, wato idon wanda ya gani. Ya ce a gaya masa yadda abin yake farawa, tun kafin ta faɗi.

Inna ta ce, “Ba ya farawa ta ko'ina, ɗana. Gaba ɗaya yake kayar da ita, kamar an sare itace.”

Ya tambaya ko hannu ɗaya na riga ɗaya motsi, ko baki na karkacewa, ko kai na juyawa wani gefe. Inna ta ce ko ɗaya. Aka juya ga maigidana, ya ce yawanci yana gona, amma yadda Inna ta faɗa haka ne. Baƙon ya tambaya wace ce uwar. Inna ta ce 'yarta ce, ita ke riƙonta tun yaye. Ya ce ya ji, amma wa ta haife ta. Maigidana ya nuna ni da haɓa.

Mutumin nan ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ni. Ya tambaye ni da Turanci ko na taɓa ganin farkon abin.

Amsar tana bakina a jere, da Hausa da Turanci. Yatsa, hannu, baki, kai, duk hagu, ashirin zuwa talatin. Shekara uku ina haddace ta. Amma Inna ta gama cewa ko ɗaya, ba a fi numfashi biyar ba. In na yi magana na ƙaryata ta ke nan a gaban ɗanta da baƙi. Kuma na tona wa kaina asiri cewa shekara da shekaru ina laɓe ina kallon 'yar fari kamar wadda ba ta da tarbiyya. Akwai kuma na uku, wanda na daɗe ban yarda da shi ba ko a raina: zanen nan da ke kan tebur, da layin da ya ja inda za a yanka. Na ji tsoro. Kunya ta ba ni wurin ɓuya, na shige.

Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, na kalli yatsun ƙafata.

Likitanmu ya yi ɗan murmushi ya gaya masa da Turanci cewa kunya nake ji, al'adarmu ce a kan 'yar fari, kuma yarinyar ba a hannuna take ba, kakar ce ta fi kowa sani. Wannan ma na ji shi tsaf. Baƙon bai gamsu ba. Ya sake tambayata a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, ya ce ko da ɗan abu ne da nake ganin ba shi da muhimmanci. Likitanmu ya fassara mini abin da na riga na ji. Ana jin kukan wani yaro daga waje. Na girgiza kai.

Baƙon ya yi rubutu layi biyu ya rufe fayil. Ya ce to da alama ba irin wadda yake nema ba ce, a ci gaba da magani, ya canza adadin ƙwaya ɗaya. Maigidana ya sauke ajiyar zuciya ya yi hamdala. Kafin mu kai ƙofa an kira na gaba.

Ba zan ce ban gane abin da na yi ba. Da jahila ce ni da na samu abin faɗa wa kaina. Na gane tun ina kan kujerar. A mota Inna ba ta ce uffan ba har muka iso, sai rake da ta saya wa yarinyar a hanya. Kwana biyu da dawowarmu ina zaune a ɗaki da la'asar, yarinyar tana ɓare gyaɗa a tsakar gida, na ga yatsan ya fara.

Bayan mako shida ranar komawa asibiti ta zagayo. Gwiwar Inna ta kumbura ba ta iya taka ƙasa, maigidana kuma yana tsakiyar yankan alkama. Dole aka ce in kai ta. Shi ne karo na farko da muka shiga mota mu biyu tun da na haife ta. Ta yi ta satar kallona kamar baƙuwa, can barcin ƙwaya ya ɗauke ta kanta ya faɗo kafaɗata. Babu wanda ya san mu a motar, sai na bar shi a nan har birni.

Da muka shiga wurin likitanmu ban jira ya gama gaisuwa ba. Na zayyana masa komai, har da ƙirgen, rabi da Turanci. Ya ajiye biro ya cire gilashi.

Ya ce, “Malama, kina cikin ɗakin nan ranar.”

Na ce, “Ina ciki.”

Ya mayar da gilashinsa. Sannan ya ce laifin har da nasa, Bahaushe ne shi, ya san kunyar ɗan fari, kamata ya yi ya fitar da su ya bar ni ni kaɗai da baƙon. Da ya faɗi haka sai na ji kamar in shaƙe shi, alhali ba ni da bakin yi masa faɗa. Baƙon ya daɗe da komawa, yaran da aka zaɓa an riga an tafi da su. Likitanmu ya sa na sake faɗa masa daki-daki yana rubutawa, ya ce zai aika da wasiƙa, kada dai in sa rai da yawa. Da na gaya wa maigidana a gida, ya ce abin da Allah ya zaɓa shi ne alheri, shi dama hankalinsa bai kwanta da buɗe kai ba, kuma in yi wa Allah kada Inna ta ji.

Amsar ba ta zo ba sai bayan an yi damina an girbe. Likitanmu ya miƙo mini ita na karanta da kaina. Baƙon ya rubuta cewa abin da uwa ta bayyana yana nuna ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, kusa da wurin da ke sarrafa hannu, kuma irinta ce daidai wadda ya zo nema. Ya ce da ya ji wannan a ranar da ya sa ta cikin waɗanda za a tafi da su. Ya ƙara da cewa wurin na da wuyar sha'ani, mai yiwuwa a ƙarshe da an ga ba zai ciru ba sai an raunana hannun. Amma yanzu ƙungiyar ta tattara nata ya nata ta bar ƙasar, kamar yadda irinsu da yawa suka yi a shekarun nan, kuma shi kaɗai ba shi da yadda zai yi. Wannan “mai yiwuwa” na riƙe shi shekaru ina lallashin kaina da shi. Bai taɓa sa ni barci ba.

Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Faɗuwar ta yawaita, baƙin da ta iya haɗawa ya zube mata ɗaya bayan ɗaya, hannun hagun ya koma ba ya riƙe ko ludayi. Maganin ma wani lokaci a samu, wani lokaci a zagaye birni babu. Tana shekara goma sha uku, a wata ranar Talata da hantsi, abin ya zo bai sake ta ba. Ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo, ba ta farfaɗo a tsakani. Lokacin wahalar mai ne, maigidana ya fita neman mota tun kafin azahar, motocin duk suna layi. Ranar na fito, na ɗaga zanen da hannuna, na ɗora kanta a cinyata, ban damu da wanda ya gani ba. Fitowar ba ta amfana mata komai ba. Ta cika kafin la'asar.

A zaman makoki mata suka cika ɗakin Inna, ita ake yi wa gaisuwa. Ni in an wuce ta gabana sai a ce mini ya haƙurin Inna, in ce da godiya. Ina ta kai ruwa ina kwashe kwanuka, idona a bushe. Na ji wata tsohuwa tana cewa kai, malamar nan akwai kawaici.

Bayan sadakar uku mutane suka watse. Da hantsi Inna ta aiko in zo. Na same ta zaune a bakin gado tana ninke kayan yarinyar. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, ta ce in shigo ciki. Ba ta ɗago kai ba.

“Ranar da muka je wurin likitan nan na waje, me ya hana ki magana?”

Na ce, “Maganar me, Inna?”

“Kada ki mai da ni yarinya. Na san kina kallonta. Tun farko na sani.” Ta ninke wata riga ta ajiye. “Ni ban taɓa ganin farkonsa ba, sai na ji ƙara nake fitowa. Abin da na sani na faɗa musu. Da ya juya wajenki na ce a raina, yauwa, yanzu za ta gaya musu. Na yi shiru ina jiranki.”

Na ce, “Kunyarki na ji, Inna.”

Ta ɗago ta kalle ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, babu faɗa a cikinta ko kaɗan, tsufa ne kawai. Ta ce da ta ga na girgiza kai sai ta ɗauka ko abin da nake gani ba shi ake tambaya ba, tunda ni ce mai boko. Ta so ta tambaye ni a mota, ta so ta tambaye ni bayan nan sau da yawa, amma ta yaya suruka za ta tambayi matar ɗanta maganar 'yar fari. Sai ta bari.

Ta ɗauki wani ɗankwali ta shimfiɗa a cinya tana shafa shi da tafin hannu.

“Da kin faɗa, da sun tafi da ita?”

Ina iya cewa Allah ne masani, kuma da ban yi ƙarya ba. Ina iya kawo mata maganar wurin da ke da wuyar sha'ani, da hannun da za a iya raunanawa, da ɗanta da wataƙila ba zai sa hannu ba. Duk suna nan a bakina. Amma na riga na yi wa matar nan shiru sau ɗaya.

Na ce, “Da sun tafi da ita, Inna.”

Ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da ninke ɗankwalin, ta ninke shi har ya zama ɗan ƙarami ba ta daina ba. Ni kuma na zauna dirshan a ƙasa a gabanta na yi kuka da ƙarfi, irin wanda ake ji har waje. Ba ta ce in yi shiru ba.